Yadda ake tsara mahaɗar feɗe adireshin intanet

A shekarar 2017, a taron masana tsaron kwamfuta na Black Hat da ake yi a birnin Las Vegas na Amurka, wani mai bincike ɗan Taiwan da ake kira Orange Tsai ya nuna wa jama'a wannan adireshi: `http://1.1.1.1 &@2.2.2.2# @3.3.3.3/`. Ya ba wa laburare uku na harshen Python shi, kowanne ya karanta, kuma kowanne ya nufi wani wuri dabam. Ɗaya ya tafi 1.1.1.1, ɗaya 2.2.2.2, na ukun kuma 3.3.3.3. Harshe ɗaya, rubutu ɗaya, masauki uku.

Illar abin ita ce, manhajoji da yawa suna karɓar adireshi daga hannun baƙo, su duba ko wurin da aka yarda a je ne, sannan su miƙa shi ga wani sashe ya ɗauko abin da ke can. To idan mai gadi ya karanta adireshin da ke bayan ambulan ya ga gidan maƙwabci, ɗan aike kuma ya karanta shi ya ga ɗakin ajiyar maigida, duba na mai gadin ya tashi a banza. Duk wanda zai zauna tsara API, wato mahaɗar da masu rubuta manhaja za su riƙa feɗe adireshi da ita, wannan ce matsalar da ya kamata ta hana shi barci. Ba saurin aiki ba ne kan gaba, ba kuma kyawun sunaye ba. Abin da ke gaba shi ne mai dubawa da mai tafiya su ga abu guda.

Aikin yana farawa ne tun kafin a rubuta layi ɗaya, da zaɓen ƙa'idar da za a bi, domin ƙa'idojin biyu ne kuma ba su jitu ba. Ta farko ita ce RFC 3986 ta watan Janairun 2005, wadda Tim Berners-Lee da Roy Fielding da Larry Masinter suka rubuta, ta gaji RFC 2396 ta 1998 da RFC 1738 ta 1994. Nahawu ce tsantsa: tana faɗa maka yadda adireshi mai inganci yake, amma ba ta ce uffan ba kan abin da za ka yi da gurɓatacce. Ta biyu ita ce ta ƙungiyar WHATWG, wadda Anne van Kesteren ya daɗe yana kula da ita, kuma ita ce Chrome da Firefox da Safari suke bi. Wannan tana bayyana mataki-mataki abin da burauza za ta yi da kowane irin rubutu, har da wanda mutum ya buga da kuskure. A wurinta, alamar `\` a adireshin http daidai take da `/`. Tana share gurbi a farko da ƙarshe, tana tsince alamar sabon layi ko da a tsakiyar adireshi take, kuma `https:/example.com` mai sanda ɗaya ba ya ba ta tsoro. Nahawun RFC 3986 bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Idan adireshin da manhajarka ke dubawa a ƙarshe burauza ce za ta buɗe shi, bi WHATWG sau da ƙafa, kamar yadda laburaren url na harshen Rust ya yi. Idan kuwa tsakanin sabar da sabar ne, RFC 3986 tana iya wadatarwa. Abin da ba zan yafe wa mai tsarawa ba shi ne ya ɗebo rabi nan rabi can, ya yi shiru. Rubuta a layin farko na bayanin laburarenka wace ƙa'ida ka bi, ka kuma lissafa duk inda ka kauce mata da gangan.

Bayan wannan sai a zauna a kan sassan adireshi. Ɗauki wannan misali: `https://ali:sirri@example.com:8443/kasuwa/hatsi?iri=gero#farashi`. Abin da ke gaban alamar `:` ta farko shi ne tsarin sadarwa, https. Bayan sanduna biyu sai sunan mai shiga da kalmar sirrinsa, waɗanda alamar `@` ta rufe. Sai masauki, example.com, sai lambar ƙofa, 8443. Sai hanya, sai tambaya da ke bin alamar `?`, sai gutsuren da ke bin `#`, wanda burauza ba ta aika wa sabar ko kaɗan. Kowane sashe ya samu sunansa da hanyar karanta shi a mahaɗarka.

A nan akwai wani ƙaramin abu da ake yawan raina shi: bambanci tsakanin sashen da babu shi da sashen da yake nan amma fanko ne. `http://example.com/` da `http://example.com/?` ba rubutu ɗaya ba ne. Laburaren urllib.parse na Python yana mayar da fanko a duka biyun, don haka idan ka feɗe na biyun ka sake haɗa shi, alamar tambayar ta ɓace, kuma bayanin laburaren da kansa ya yi gargaɗi a kan haka. Harshen Go sai da ya ƙara wani fili mai suna ForceQuery don toshe wannan kafa. Idan ana sa hannun dijital a kan adireshi, ɓacewar harafi ɗaya ta isa ta rushe sa hannun. Saboda haka tun farko ka ba wa kowane sashe hali uku: babu, fanko, ko mai ɗauke da abu.

Sai batun yadda za a ajiye sakamakon a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Hanya mai sauƙi ita ce kowane sashe ya samu nasa wurin. Amma laburaren Rust da kuma Ada, wanda Yagiz Nizipli da Daniel Lemire suka rubuta kuma Node.js ta ɗauka a 2023, suna ajiye adireshin a matsayin rubutu ɗaya da aka riga aka daidaita, tare da lambobin da ke nuna inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare. Wannan ya fi sauri wajen karantawa, ya fi wahala wajen sauyawa. Kowacce ka zaɓa, ka ɓoye ta. Kada mai amfani ya iya sa hannu cikin filayen kai tsaye, domin ranar da ya iya rubuta `a/b@c` a filin masauki ba tare da an duba ba, ka rasa ikon cewa abin da ke hannunsa adireshi ne ingantacce.

Yanzu aka zo ga feɗewar kanta. A ƙarshen RFC 3986 akwai wata gajeriyar dabara ta layi ɗaya da ke tsaga adireshi gida biyar, kuma mutane da yawa sun kwafe ta suna zaton sun gama. Tsagawa kawai take yi, ba ta tantancewa. Abin da ya dace shi ne a bi rubutun harafi bayan harafi, daga hagu zuwa dama, mai feɗewar yana sane da sashen da yake ciki a kowane lokaci. Tsarin aukuwar alamomi shi ne komai. Sashen da ke ɗauke da masauki yana ƙarewa ne a `/` ko `?` ko `#` na farko da aka ci karo da shi, kuma sai an yanke wannan iyaka tukuna ake neman `@` a ciki. Wanda ya fara neman `@` kafin ya nemi `#` zai ga masauki dabam da wanda ya yi akasin haka.

Ba tatsuniya ba ce. A watan Disambar 2021, lokacin da aka gano ɓarakar laburaren Log4j, gyaran farko da aka fitar ya taƙaita wuraren da manhajar za ta tuntuɓa zuwa kwamfutar da take ciki kawai. Sai aka kewaye shi da adireshi irin `ldap://127.0.0.1#evilhost.com:1389/a`. Sashen da ke dubawa ya tsaya a `#`, ya ga 127.0.0.1, ya ce a wuce. Sashen da ke tafiya, a wasu na'urori, bai tsaya a nan ba, ya nemi sunan gaba ɗaya. Wata guda bayan haka kamfanonin Claroty da Snyk suka fitar da binciken da suka yi wa laburare 16 na feɗe adireshi, suka samu ɓaraka takwas da ta samo asali daga irin wannan saɓani.

Masauki shi ne sashen da ya fi kowanne cin lokaci, kuma ya cancanci hakan. Iri uku ne: suna, ko lambar IPv4, ko lambar IPv6 wadda ake sakawa cikin baka mai kusurwa kamar `[::1]` don kada alamomin `:` da ke cikinta su rikice da na ƙofa. Mahaɗarka ta faɗa wa mai amfani wane iri ne ke hannunsa, kada ta miƙa masa rubutu kawai ta bar shi da zato. Dalilin shi ne lambar IPv4 tana da fuskoki da yawa. 127.0.0.1, wato kwamfutar da kake kai, ana iya rubuta ta `2130706433`, ko `0x7f.1`, ko `0177.0.0.1`, kuma burauza za ta gane duka. Mai tsaron da ya hana rubutun "127.0.0.1" kaɗai bai hana komai ba. Dole mai feɗewa ya mayar da kowace fuska zuwa siffa ɗaya tak, ko kuma ya ƙi ta baki ɗaya. Kada ya bar ta ta wuce a matsayin suna, tsarin aikin kwamfuta kuma ya fassara ta a matsayin lamba daga baya.

Idan suna ne, sai a mayar da shi ƙananan haruffa, sannan a fuskanci haruffan da ba na ASCII ba. Tsarin DNS bai san su ba, don haka ake sauya su da dabarar Punycode ta RFC 3492, wadda ta fito a 2003, su koma suna mai farawa da `xn--`. Nan ma ƙa'idoji sun rabu. IDNA ta 2003 tana mayar da sunan Jamusanci faß.de ya zama fass.de, IDNA2008 kuwa tana mayar da shi xn--fa-hia.de, kuma waɗannan sunaye biyu mutane biyu dabam ke iya mallakarsu. Kada ka rubuta wannan sashe da kanka. Yi amfani da laburaren da ke bin ƙa'idar UTS 46 ta Unicode. Kuma ka ware hanya biyu: ɗaya mai ba da sunan da za a tura wa DNS, ɗaya mai ba da wanda za a nuna wa mutum. A 2017 Xudong Zheng ya yi rajistar xn--80ak6aa92e.com, wanda Chrome da Firefox suka nuna da haruffan Sirilik masu kama da apple.com ƙwarai. Hukuncin tsaro a kan siffar ASCII ake yin sa, ba a kan abin da ido ke gani ba.

Ƙofa ba ta da wuya. Lamba ce daga 0 zuwa 65535, duk abin da ya wuce haka kuskure ne. Http tana da 80, https 443, ftp 21. Ka ba da hanyar karanta abin da aka rubuta, da wata ta karanta ƙofar da za a yi amfani da ita a zahiri idan ba a rubuta ba.

Sai rufa-rufar alamar `%`, inda mai rubutu da Hausa yake da ruwa da tsaki. Adireshi ba ya ɗaukar haruffanmu masu lanƙwasa yadda suke. Ana mayar da kowanne zuwa bayit na UTF-8, a rubuta kowane bayit da `%` a gabansa. Harafin ƙ yana zama `%C6%99`, ɗ yana zama `%C9%97`, ɓ `%C9%93`, ƴ da ake rubutawa a Nijar kuma `%C6%B4`. Shi ya sa idan ka kwafo adireshin shafin Wikipedia ta Hausa mai farawa da Ƙ ka liƙa a WhatsApp, sau da yawa sai ka ga `%C6%98` a wurinsa. Ɗigon sama na kalma irin 'yan ma yana da nasa rikicin, domin madaidaicin da ke kan allon bugu harafi ne na ASCII, lanƙwasasshen da Word ke sakawa kuwa `%E2%80%99` ne, kuma ga sabar waɗannan shafuka biyu ne.

Dokoki uku nake ganin ba a sassauta su a nan. Ta farko, kowane sashe yana da jerin haruffan da yake rufewa, ba jeri ɗaya ga kowa ba: `/` a cikin tambaya ba ta da laifi, a cikin sunan fayil kuwa dole ta zama `%2F`. Ta biyu, a feɗe tukuna sannan a buɗe rufin, ba akasin haka ba. Hanyar `/a%2Fb` gaɓa ɗaya ce, `/a/b` gaɓa biyu ce, kuma wanda ya buɗe kafin ya raba ya haɗe su har abada. Masu harshen Go sun fara da ajiye hanyar a buɗe, sai da suka dawo a Go 1.5 a 2015 suka ƙara filin RawPath don riƙe asalin rubutun. Darasi a nan shi ne ka ajiye rufaffen, ka buɗe sai an roƙa, kuma mafi kyau ka miƙa hanyar a matsayin jerin gaɓoɓi da aka buɗe ɗaya-ɗaya. Ta uku, sau ɗaya ake buɗewa. `%252e` idan aka buɗe sau ɗaya `%2e` ne, idan aka maimaita ya zama ɗigo, kuma da ɗigo biyu a jere ake haurawa zuwa fayilolin da ba a nufi kowa ya gani ba.

Tambaya kuma tana da nata tarko. RFC 3986 ba ta ce dole ta zama suna da daraja da `=` a tsakani ba, wannan al'ada ce ta fom ɗin HTML, kuma a cikin wannan al'ada kaɗai `+` ke nufin gurbi. A hanya, `+` tana nan a `+`. Don haka ka raba su: mahaɗar adireshi ta ba da tambaya ɗanya, wani sashe dabam, irin URLSearchParams na burauza, ya tsaga ta. Wannan sashe ya riƙe jeri, ba ƙamus ba, domin suna ɗaya yana iya maimaituwa, kamar `iri=gero&iri=dawa`, kuma wanda ya ɗauki na farko da wanda ya ɗauki na ƙarshe sun sake saɓawa. Python ta daina ɗaukar `;` a matsayin mai raba tambaya a 2021 saboda irin wannan saɓani tsakaninta da sabar da ke ajiye kwafin shafuka a gabanta.

Daga nan sai haɗa guntun adireshi da tushe, abin da burauza ke yi duk sanda ta ga `../hoto.png` a shafi. Kada a bar mai amfani ya liƙa rubutu da rubutu. Sashe na 5.2 na RFC 3986 ya shimfiɗa matakan, na 5.4 kuma ya ba da misalai da tushen `http://a/b/c/d;p?q`: `../g` yana ba da `http://a/b/g`, `../../../g` yana ba da `http://a/g` domin ba a haura saman tushe, `//g` kuwa yana sauya masauki gaba ɗaya ya koma `http://g`. Wannan na ƙarshe shi ke cin masu shafukan da ke cewa "duk adireshin da ya fara da `/` namu ne" su tura mutum can bayan ya shiga.

Sauya sassa yana buƙatar irin tsananin da feɗewa ta samu. Duk abin da aka ba wa mai saita masauki ya bi ta cikin mai feɗe masaukin nan dai, ba wata gajeriyar hanya ba. A nan ban yarda da zaɓin WHATWG ba: a burauza, idan ka saita ƙofa da rubutun da ba lamba ba, babu abin da zai faru, babu kuma wanda zai faɗa maka. An yi haka ne don kada tsofaffin shafuka su lalace, amma kai da kake fara sabon gini ba ka da wannan uzuri. Kuskure ya fito fili, ya kuma faɗi sunansa. Laburaren curl yana da lamba ta musamman ga kowane iri, kamar CURLUE_BAD_PORT_NUMBER, kuma wannan ya fi a ce "adireshi bai yi ba" kawai. Kada kuma a mayar da rabin sakamako. Ko dai adireshi cikakke, ko kuskure. Idan za ka yi sassauci, kamar cike http ga wanda ya buga example.com kawai, ya zama sai mai amfani ya nema da bakinsa, kamar yadda curl ta yi da tutar CURLU_GUESS_SCHEME.

Akwai abin da mai feɗewa bai kamata ya taɓa yi ba, shi ne leƙa intanet. Ajin java.net.URL na Java, idan aka ce ya gwada adireshi biyu ko daidai suke, yana tuntuɓar DNS ya ga ko sunayen suna kai wa ga lamba ɗaya. Sakamakon gwaji ya dogara ke nan da ko akwai sadarwa a lokacin, kuma shafuka biyu da ke zaune a sabar ɗaya sai su zama abu guda. An shafe shekaru ana gargaɗi a kai, har a Java 20 aka ayyana hanyoyin gina wannan aji kai tsaye a matsayin waɗanda ya kamata a bari. Gwaji a kan rubutun da aka daidaita ake yin sa. Ka kuma ba da hanyar gwada asali, wato tsarin sadarwa da masauki da ƙofa tare, domin yawancin masu tsaro wannan suke nufi idan sun ce "wuri ɗaya". Ƙara da hanyar buga adireshi da ke ɓoye kalmar sirri, irin Redacted da Go ta samu a 2020, don kada ta zube cikin kundin bayanan aiki. Ka sa iyaka ga tsawo: RFC 9110 ta ba da shawarar a iya ɗaukar aƙalla bayit 8000, curl kuwa tana ƙin duk abin da ya haura miliyan 8.

Matakin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne abin da za a miƙa wa mai tafiya. Daniel Stenberg, ɗan Suwidin da ya ƙirƙiri curl, ya ƙara mahaɗar adireshi a curl 7.62.0 a watan Oktoban 2018, kuma ya ambaci binciken Orange Tsai cikin dalilansa. Tsarin gajere ne: curl_url yana buɗe riƙo, curl_url_set yana saka adireshi ko wani sashensa, curl_url_get yana karantawa. Amma hikimar tana cikin zaɓin CURLOPT_CURLU da ya biyo baya, wanda ke ba ka damar miƙa riƙon da kansa ga sashen da zai yi tafiyar. Ba a sake mayar da shi rubutu, ba a sake feɗe shi. Masaukin da ka duba shi ne masaukin da za a je. Don haka idan laburarenka yana da sashen aika buƙata, sa shi ya karɓi adireshin da aka feɗe, ya ƙi rubutu tsura. Idan dole ne adireshi ya ƙetara zuwa wata manhaja a rubuce, a aika wanda mai feɗewa ya sake haɗawa, ba wanda baƙo ya bugo ba.

Wannan kuma yana kawo sharaɗin da za ka fara gwadawa: idan aka feɗe adireshi, aka haɗa shi, aka sake feɗewa, dole sakamakon biyu su zama ɗaya. Zuba misalan sashe na 5.4 na RFC 3986 cikin gwajinka yadda suke. Idan WHATWG ka bi, ɗauko fayil ɗin urltestdata.json na web-platform-tests, wanda masu burauza da kansu suke gwada nasu da shi, mai ɗauke da ɗaruruwan adireshi masu wuyar sha'ani da amsar kowanne. Sannan ka sa injin da ke jefa wa manhaja hargitsattsen rubutu dare da rana, irin wanda shirin OSS-Fuzz na Google ke gudanarwa kyauta ga manyan manhajojin buɗaɗɗen tushe tun 2016, amma kada ka tsaya ga neman faɗuwa kawai. Ba wa laburarenka da wani sananne rubutu ɗaya, ka sa injin ya yi ƙara duk inda suka ba da masauki dabam. Kowane saɓani da ya fito, ko dai ka gyara shi, ko ka rubuta shi cikin jerin wuraren da ka kauce da gangan, tare da misalin adireshin da ke jawo shi.